Shekarar da Mazarƙwailar Baffa Haladu Ta Ƙi Kamawa

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baffa Haladu makwancinsa a Gafasa. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, shi ya yarda aka sa ni makarantar boko lokacin da kowa ke ɓoye 'ya'yansa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, kunya ce take riƙe mini hannu.

Manomin rake ne, kuma mazarƙwailarsa ta yi suna har kasuwar Gaya. Fadamarsa guda ce, amma shi gona uku yake ganinta. Ta bakin ruwa, mai baƙar laka, takan ba da rake mai kauri da ruwa, na sha ne kawai. Ta gangare, inda laka ta gauraya da yashi kuma rana ke fara sauka da safe, ita ce ta mazarƙwaila. Ba ya sare ta sai sanyi ya shiga sosai, domin a cewarsa sanyi ne ke tara zaƙi a gaɓa. Ta ukun, can gefen yamma, bai taɓa dasa mata kome ba. Yakan ɗanɗana ƙasarta ya tofar, ya ce akwai kanwa a ƙarƙashi.

Da na gama makarantar koyon aikin gona aka ba ni malamin gona, na dawo da keke da buhun takin zamani da girman kai. Ana son gonar gwaji, sai na zaɓi wannan gefen yamma. A gaban mai unguwa da manoma Baffa ya ce, “Ɗana, wurin nan zai ba ka tsawo, ba zai ba ka zaƙi ba.”

Na ce, “Baffa, yanzu zamanin ilmi ne. An daina lasar ƙasa.”

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya kaɗe hannunsa a jikin riga, ya ce in dasa.

Raken ya tashi har ya fi mutum tsawo, na riƙa kawo manyana su gani. Ranar matsa, doki ya yini yana juya injin matsar rake, aka dafa ruwan, ya ƙi kamawa. Abin da ya daskare baƙi ne, da ɗaci-ɗaci da gishiri-gishiri. Ga shi na riga na sa an haɗa shi da ruwan raken gangare, don a ce duk amfanin taki ne. Aikin shekara ya lalace a tukunya guda.

Da labari ya kai ofis, da aikina ya tafi. Baffa ya ɗauki kayan ya kai Gaya da kansa, ya gaya wa dillalai cewa tsufa ne ya sa ya yi kuskuren wuta. Sunan da ya gina tun kafin a haife ni ya zubar don ya rufa mini asiri. Ni kuwa na bar shi ya ɗauki laifin. Aka yi mini canjin wurin aiki, na tafi ina cewa in na zo hutu zan durƙusa in roƙi gafara. Na zo sau uku, bakina ya kasa. Zuwa na huɗu jana'izarsa ce.

Da yana raye ya ga farin da muka sha a shekarun nan, ya ga injin ban-ruwa ya shigo fadama, ana dasa rake ko'ina ana sarewa ɗanye don a riga kowa kasuwa, ban ce zai yi faɗa ba. Zai dai tambaya ko an san wurin kafin a dasa. Tambayar nan nake yi wa sababbin malaman gona yanzu, ban taɓa gaya musu inda na samo ta ba.

Watan jiya na tsaya gaban wata tsohuwa mai sai da mazarƙwaila a Gaya. Ta miƙo mini gutsure ta ce, “Ɗanɗana, Malam, kamar ta Haladu. Allah Ya jiƙansa, sau ɗaya tak ya taɓa ba mu kunya.”

Na ɗanɗana gutsuren, na biya ta, na wuce. To, Iya, in akwai mai karanta miki jarida, ga amsar da na hana ki: Baffa Haladu bai taɓa ba ku kunya ba. Ni ne. Allah Ya gafarta masa, ni ma Ya yafe mini.