Mai Gadin Cikin Ordinata

Zuwaira tana jiran sa hannun darakta a wani buro, wato ofishin gwamnati, a unguwar Filato, amma idonta ya kasa barin mutumin da ke zaune ƙarƙashin fanka. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga, ƙafarsa kuwa silifas ne na wanka. Ordinata, wato kwamfuta, na kan cinyarsa, yana dannawa yana yi mata tsaki. Ta ce a ranta, wannan ko gaisuwa ba zai amsa ba sai an jero ta daidai.

"Malam, me kake haɗawa haka?"

"Hajiya, wani ɗan aiki na ƙera," in ji shi, bai ko ɗago ba. "A ba shi jerin abin da takarda ke tambaya, suna, gari, ranar haihuwa, shi kuma ya mai da shi jerin dokoki. Mai gadi ke nan. Gobe ma'aikatar nan za ta fara aiki da shi. Wanda bai kawo rana da wata da shekara ba, ko minista ne, waje!"

Don ya nuna mata, ya zaro katinsa na ɗan ƙasa ya shigar da bayanan kansa. Allon ya yi ja. Ya sake, ya ƙara yin ja. Zuwaira ta leƙa katin: shekara ce kawai a rubuce, irin ta 'yan ƙauye da aka yi wa kintace daga baya.

Sai ya ɗauki waya ya kira gida, can garin Tawa.

"Inna, don Allah, wace rana kika haife ni?"

Muryar tsohuwa ta cika ɗakin: "Ranar kasuwa ce dai."