Abin da Ya Rage Mishi Tafiya Ce

Salama gare ku 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri. Ko yanzu ma a gajiye nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a Bagudo, keken ƙafa nake takawa tun ina saurayi.

Wata safiya ina tsakiyar ɗinki, sai ƙafata ta dama ta ƙi taka keke, ta zama kamar ba tawa ba. Na buɗe baki in kira maƙwabcina, magana ta fito a karkace.

Aka kwashe ni zuwa babban asibiti. Awon jini, hoton kai, ƙarin ruwa, a tashe ka a auna, a sake tashe ka. Suka ce hawan jini ne ya taɓa min ɓarin jiki. Kwana goma sha biyu muka yi.

Ranar sallama likita ya kira matata Hajara waje, ya miƙa mata magani da wata takarda da Turanci. Ya ce, "Mun yi namu. Abin da ya rage mishi yanzu tafiya ce."

Ku da kuke jin Hausa, me za ta fahimta?

Ta jefa takardar a akwati, ta faɗa wa yayana kaɗai, ta shiga jinyar mai mutuwa. Ko kofi na miƙa hannu in ɗauka sai ta riga ni. In na yunƙura in zauna, ta ce, "Kwanta Malam, kar ka wahal da kanka."

'Yan uwa suka fara zuwa daga Sharabi da Bahindi, har da na tsallaken Benin, kowa da neman gafara. Ni ba yaro ba ne, na gane. Na daina tambaya, na kwanta ina kallon rufin ɗaki ina jira. Tsoro kam na ji shi, ba zan ɓoye muku ba.

Wata biyu cur a haka.

Sai ga wata ma'aikaciyar lafiya ta ƙaramin asibitin unguwarmu, Malama Rabi, ta yi sallama. Ashe akwai wani shiri da ake bincike a kai: babban asibiti ya turo mara lafiya ƙaramin asibitin kusa da gida, a koya mishi motsa jiki, a riƙa rubuta yadda yake samun sauƙi. Sunana na cikin littafinta, ba ta taɓa ganina ba, shi ne ta biyo sawu.

Ta ce, "Ina takardar da aka ba ku?"

Hajara ta ɗauko. Malama Rabi ta karanta, ta dubi Hajara ta ce, "Baiwar Allah, tafiya da ƙafa ake nufi. Ya tashi ya taka ƙasa."

Hajara ta zauna daɓas a tsakar ɗaki. Ni kuwa haushi ne ya fara zuwa min kafin murna.

Malama Rabi ba ta rufe ni ba. Ta ce, "Wata biyun nan sun ci mu, ƙafar ta sandare. Tafiya za ka yi in sha Allah. Keke ne ban yi maka alkawari ba."

Kuma keken nan shi ne abincin gidana.

Litinin da Alhamis muke haɗuwa a inuwar asibiti, mu shida, har da wani masunci da wata tsohuwar Bafulatana mai ciwon gwiwa. Tashi daga benci, zauna, sake tashi. Dafa bango ka taka. Malama Rabi ta auna jini, ta rubuta. Abin kamar wasa, amma wallahi gumi nake yi sharkaf. Akwai ranakun da na ce na gaji, a bar ni haka, Hajara ta ajiye min takalmi a gabana ta yi tsaye.

Yau ina zuwa masallaci ba sanda, alhamdu lillahi. Keke kuwa, in na taka kaɗan sai ƙafar ta hau rawa, dole in tsaya. Yawancin masu kawo min ɗinki sun koma wani wuri, ban ga laifinsu ba.

Shawarata: in likita ya yi magana, ku ce ya maimaita, ku ce me yake nufi. Takarda kuma a kai wa mai karantawa ranar da aka ba da ita. Ku auna jininku tun kuna ƙalau. Masu jinya, in an ce mutum ya motsa, ku bar shi ya ɗauki kofinsa da kansa.

Malama Rabi, Allah ya saka da alheri. Ku da kuka yi addu'a, na gode.

Hajara har yau neman yafiya take, ina ce mata ba ta yi min komai ba. Kwanakin baya ta fito da wani farin yadi daga ƙasan akwati tana kuka, ta ce likkafanina ne da ta saya ta ɓoye.

Na auna shi, ya isa riga, na fara ɗinka wa kaina. Aikin yini ɗaya ne a da. Yau kwanana tara a kai, saura hannu ɗaya.