Kokon Inna Ramatu

Akwai wata safiya a Sokodé da har yau ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka same ni a nan Dapaong kun san ni ungozoma ce, amma a lokacin ɗaliba nake, an tura ni koyon aiki wani ƙaramin asibitin mata kusa da unguwar Komah. Kunya ta yi mini yawa, sai dai in tsaya gefe ina kallo. Shekarar zanga-zanga ce, ana ƙona tayoyi a kan titi, motocin da ke kawo mana magani daga Lomé sun daina zuwa.

Hajara matar wani direban babbar mota ce. Tana da ciwon zuciya, ga ƙaramin ciki, likita kuma ya tabbatar idan cikin ya girma zai kashe ta. Ita da mijinta suka amince a cire shi da magani. Tsarin shi ne a haɗiye ƙwaya ta farko, bayan kwana ɗaya ko biyu a sa sauran a kumatu su narke. Ba a hana cin abinci, sai ɗan lokacin da ƙwayoyin ke cikin baki. Abinci marar nauyi ma yana rage tashin zuciya. Madam Afi, shugabar ungozomomi, kwali ɗaya tak na maganin ya rage mata.

Mahaifiyar Hajara, Inna Ramatu mai koko, ita ta rako ta, da kwano ɗaure cikin ɗankwali a kan cinyarta. Madam ta ce, "Mama, kun shirya?"

Ta ce, "Na shirya ta tsaf, 'yata."

Hajara ta haɗiye ƙwayar da ruwa. Na ga leɓɓanta a bushe sanda ta miƙo mini kofin. Ko kofin ban kai ga wankewa ba hayaƙin taya ya shigo ta taga, ta duƙa ta yi amai. Ruwa ne zalla, ga ƙwayar nan fara a tsakiyar tasa, ba ta ko gama narkewa ba.

Madam ta dubi tasar, ta ce, "Hajara, me kika ci yau?"

Inna ce ta amsa, har da ɗaga kai. "Ai tun shekaranjiya ban bari ta sa komai a baki ba. Magani mai ƙarfi ba a haɗa shi da abinci. Haka uwata ta yi mini da jiƙo, haka na yi wa 'ya'yana duka. Ga kokonta nan, sai magani ya gama aikinsa."

"Mama, wannan ba jiƙo ba ne."

"To ki ba ta wata mana."

"Babu wata."

Inna ta dubi kabad ɗin magani, ta dubi Madam. Na zaci Madam za ta yi faɗa, don ta iya. Sai kawai ta kwance ɗankwalin da aka ɗaure kwanon da shi, ta miƙa mini cokali. "Ke mai shiru, zo ki ba ta kaɗan-kaɗan." Kokon da sauran ɗuminsa. Hajara na sha tana cewa, "Inna, ki daina kuka, ai ni ma ban ce ina jin yunwa ba."

Likita ya ce da irin zuciyarta ba zai canja tsarin ba, a nemo wani kwalin. Madam ta kira wata abokiyar karatunta a nan Dapaong, aka samu. Mijin Hajara yana Cinkassé, kusa da nan, da kaya, ya biyo ya karɓa, amma hanya a toshe. Ya fi mako kafin ya iso. Kullum ina ganin ƙafafun Hajara na ƙara kumbura, har ta koma barci a zaune saboda numfashi.

Ranar da maganin ya zo, Inna ta dama koko marar yaji, ta ba ta da hannunta, sannan ta ce wa Madam, "Duba kwanon, 'yata. Ya isa ko in ƙara?" Wannan karon ƙwayar ta zauna, aiki ya tafi daidai, aka sallame ta.

Kafin in gama makaranta Hajara ta rasu. Likita ya gaya wa Inna a gabana cewa zuciyar ce, ko da jinkirin ko babu shi. Ta ce to, ta gode. Amma duk sanda na bi ta gaban teburinta sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yarinya, da na ba ta kokon nan da safe fa?" Ban taɓa samun amsar da ta karɓa ba.

Shi ya sa kuke jin ina yawan tambaya. Masu rako mata wurinmu da ƙauna suke zuwa, da kuma abin da iyayensu suka koya musu. Idan an ce muku an shirya, kada ku tsaya nan. Kafin ku ɓare kwali, ku juya wurin wadda ke riƙe da kwano ku ce, "Mama, me ta ci yau?"