Inda Kowa Ya Ɗebo Wutarsa

Duk Asabar nakan je unguwar Tsinga mu yi wasan labari da abokai: kowa ya zaɓi jarumin da zai zama, a jefa ƙwayar lido. Kullum sai an yi gardama kan masu sihirin wasan. Akwai wanda ya koya a littafi, da wanda aka haifa da shi, da wanda ya ƙulla alkawari da aljani. Ni ba na shiga ciki, don Kaka ta raba mini wannan gardamar tun ina ɗan shekara goma sha biyu.

A gidanmu na unguwar Briqueterie, bayan magariba, mukan kewaye murhunta tana gasa mana masara. A waccan shekarar jarrabawar gama firamare ta tsaya mini a wuya. Ƙanwata Habiba sau ɗaya take duba darasi ta haddace, ni sai na kwana uku. Wani ɗan ajinmu a lekol, wato makaranta, ya ce zai bar ni in kwafi amsoshinsa, in dai zan riƙa ɗaukar masa jaka da zuwa masa aike. Na kusa yarda. Habiba, sarkin tsegumi, ta kai wa Kaka.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta juya masara ta ce, "Matso nan, mijina, ga ta nan tafe."

Wai an yi wani gari da ruwa ya kashe musu wuta kaf, mutum uku kaɗai ke iya kunna ta. Na farko shekara bakwai ya yi yana karatu, kuma sai ya buɗe littafi ya yi ta lalube kafin hayaƙi ya tashi. Ta biyu da wutar aka haife ta, ko atishawa ta yi sai ta kama, har ta taɓa ƙone rumbun babanta. Na uku aljanin tsamiya ya ba shi garwashi nan take, amma kowace safiya sai ya koma ya durƙusa, aljani ya faɗi aikin da zai yi masa.

Na ce, "Kaka, wa ya fi ƙarfi?"

"Tuwo bai san bambanci ba, duk ta dafa shi. Amma ranar da aljani ya ce a kawo masa ɗan fari, mutum ɗaya ne ba shi da bakin cewa a'a." Ta miƙo mini masara. "Gobe akwai lekol. Jakar wa za ka ɗauka?"

Tawa na ɗauka. Kuma na faɗi jarrabawar, na maimaita aji, Habiba ta kamo ni. Na ji haushin Kaka sosai, wata guda ban zauna gaban murhunta ba.

Yau abokaina na yi mini tsiya don kullum mai littafin nake zaɓa, wanda bugu ɗaya ke kayar da shi. Ba su san cewa ɗan abin da na iya a duniya, komai ƙanƙantarsa, babu mai aikowa ya ce in mayar masa ba. Na gode wa Kaka, sai dai ta rasu kafin in yi hankalin faɗa mata. Allah Ya jiƙan Kaka.