Edith, Mai Duba Goshin Saƙo

Da safe, kafin Gerald ya gama ɗaga ƙofar shagonsa na buga takardu a Bulabulin, Edith ta riga ta shige ɗakin baya. Ba ta zama sai ta ɗora tafin hannu a jikin wani baƙin akwatin ƙarfe, kamar mai duba zazzaɓin yaro. In ta ji zafi sai ta juya masa fanka, ita ta zauna cikin gumi. Akwatin nan shi ake kira saba. Gurnani yake ƙasa-ƙasa ba ya fasawa, kuma wata tsaka ta daɗe da tarewa a bayansa. Edith ta hana a kashe ta, wai ita kaɗai ce abokiyar aikin da ba ta taɓa neman hutu ba.

Ga abin mamaki: akwatin ɗaya ne, amma gidan haya ne. Ƙungiyar masu sayar da bandar kifi tana ciki, da wata makaranta ta Dala, da kantin maganin Chioma, da wani ƙaramin asibitin unguwa. Kowa da sunan gidansa a adireshin imel, amma ƙofar fita ɗaya ce. A saman kowane saƙo kuma akwai wasu layuka da mai karatu ba ya gani. Su ke faɗin gidan da saƙon ya fito, da hatimin da aka buga masa, da inda za a mayar da shi in an ƙi karɓa. Masu aikin suna ce musu heda, amma goshin saƙo ya fi dacewa da su, don can ake fara kallo. In suna ya saɓa da hatimi, injinan wasu garuruwa sai su ɗauka ɗan damfara ne, su koro shi.

Shekara da shekaru Edith tana gyara goshin nan, kowane ɗan haya yana fita da sunansa. Sau ɗaya hannunta ya goce, kuma a ranar aka san ko ita wace ce.

Akwai wata mai ɗinkin hula a Dusuman, Kellu, da 'yarta Hanifa wadda aka haifa da huji a zuciya. In yarinyar ta yi taku kaɗan sai ta durƙusa, leɓenta ya yi duhu. Aka ji wasu likitoci sun sauka a wani babban asibiti a Kano za su yi wa yara aiki kyauta, amma ranar Juma'a za su daina karɓa. Asibitin unguwar nan da ke haya a akwatin Edith ya aika hotunan zuciyar Hanifa ta imel. Shiru. Ya sake aikawa. Shiru.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga Alhaji Babakura, shugaban masu banda, ya shigo shago yana girgiza waya.

"Madam Edith, nda watu, ina kwana. Duba min abin nan, ya ishe ni da Turanci. An ce wai maganar zuciya ce. Ko kifina ne ya kamu da ciwo?"

Gerald ya ce, "Alhaji, kifin da ka turare da hayaki, wace zuciya ta rage masa?"

Suna dariya Edith ta karɓi wayar ta buɗe goshin saƙon. Ba ta yi dariya ba. Sunan asibiti ne a kai, amma hatimin na masu banda ne, adireshin dawowa ma nasu. Lokacin da ta shigar da asibitin cikin saba, tsarin masu banda ta kwafa, ta sauya suna, ta manta da sauran. Injin Kano ya ƙi karɓa, ya mayar da hotunan Hanifa ga mai kifi.

Gerald ya sassauta murya. "Ki ce netwok ne. Wa zai musa? Ai kowa ya san netwok."

"Ba netwok ba ne, Oga. Hannuna ne."

Ta yanka wa asibitin hatiminsa, ta gyara adireshin dawowa. Sai dai sabon hatimi ba ya aiki nan take, sai labarinsa ya zaga injinan duniya sun san shi, kamar baƙo a unguwa. Maimakon ta zauna jira, ta hau keke napep ta tafi asibitin, don kada su ci gaba da zaton Kano ce ta ƙi su. Ta iske Kellu a kan benci, Hanifa kwance a cinyarta. Ta faɗa musu komai.

Kellu ta dube ta. "Wato ke kika tura zuciyar 'yata kasuwar kifi?"

"Ni ce, Ya Kellu."

Kellu ta daɗe tana shafa kan yarinyar, sannan ta ce, "To, je ki dawo da ita."

Bayan la'asar gwajin Edith ya wuce lafiya. Aka sake aikawa, ita tana tsaye a bayan nas tana bin layukan da ido ɗaya bayan ɗaya. Da safiyar Juma'a amsa ta faɗo akwatin asibitin: a kawo yarinyar.

Babakura da ya ji, ya ce tunda a hannunsa saƙon ya fara sauka, yarinyar ta zama tasa. Ya sa uwa da 'ya a gaban motarsa mai kai banda Kano. Kellu ta ce har ɗakin likita warin kifi bai bar zanenta ba.

Ke ce, Edith, kika ƙi fakewa da netwok a ranar da kowa zai yarda da ke. Da kin yi shiru don kare sunanki, da Juma'a ta wuce. Ke ce tun ranar ba ki ƙara shigar da ɗan haya ba sai kin aika gwaji kin karanta goshinsa da ƙarfi, har Gerald yana cewa kin koma mai wa'azi. 'Yar Biu mai idon allura, makaranta ta samu amsoshinta, Chioma ta samu magungunanta, ba wanda ya san ta hannunki suka bi.

Yanzu idon ya gaji, ƙananan layuka sun fara yi mata rawa, za ta koma Biu. Mun gode, Edith. Allah ya huta gajiya, ya ba ki lafiya. Ku kuma masu aikin da ba a gani, ku yi shi kamar ana kallo, in kun kuskure ku faɗa tun da sauran lokacin gyara.

Wanda duk hanya ta bi da shi Dusuman, ya ga wata yarinya tana tsere da awaki, uwarta tana ihu ta rage gudu, ya tsayar da ita in zai iya kamo ta. Ya gaya mata akwai wata mata, sunanta Edith.