Hajiya Furera, Wadda Ta Sa Na Karanta Rahotona a Gaban Saude

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Maris, 1995, da hantsi, aka aiko daga Bebeji cewa Allah ya yi wa Hajiya Furera Mainasara rasuwa. Tun ranar nake zama a ofis, na kasa ɗaga ido na kalli kujerarta.

Hajiya, shekara takwas ke nan da aka turo ni ƙarƙashinki a ofishin walwalar jama'a, ina ji da kaina da takardar shaidata. Aikin farko da kika ba ni na wata ruga ne kusa da Ɗansoshiya. Wata mata a can mai suna Saude mijinta ya rasu, tana fama da farfaɗiya, dangin mijin kuma suna so a karɓe 'yarta Habiba, 'yar shekara biyu. Na je, aka kawo mini kujera, na saurari Dikko, wan marigayin, na dawo na rubuta cewa ba za ta iya riƙon yarinya ba. Ita ko gaisawar kirki ba mu yi ba.

Kika karanta, kika yabi kyan rubutuna, sannan kika ce, "Tashi mu je ki karanta mata."

A kan tabarmarta kika zaunar da ni. Na fara karantawa, ban kai ƙarshe ba. Saude ta dube ni ta ce, "Malama, ai ba ki tambaye ni ba." Ta gaya mana ba ta zuwa rijiya ita kaɗai, ba ta girki da goyo, kuma in ta ji alamar ciwon, maƙwabciyarta take miƙa wa yarinyar. Magani kawai ta rasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A hanya ba ki yi mini faɗa ba. Cewa kika yi duk abin da ba zan iya karanta wa mutum a gabansa ba, kada na sa masa hannu. Kika nemo mata magani a asibiti, kika yi ta zarya wajen Dikko har ya haƙura.

Ranar sadakar ukunki Saude ta zo da ƙwaryar nono, Habiba na biye da ita, ta kusa kamo ta a tsawo. Ta kasa yi wa kowa gaisuwa. Hannuna kawai ta riƙe, muka yi ta kuka.

Ina yi wa maigidanki Malam Jibrin da 'ya'yanku ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Hajiya, tun ranar da kika kai ni wajen Saude ban sake rubutu a kan kowa ba sai na karanta masa. Yau na rubuta naki, na rasa inda zan same ki. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.