Jan Zaren da Adisa Ta Ɗinka

Ranar Talata, 12 ga Afrilu 1960, da hantsi, Allah ya karɓi ran matata Adisa a gidanmu da ke unguwar Kaladan a Tamale, bayan zazzaɓin kwana shida. Mutane suna kiranta Mma Adisa. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya ina ce mata Uwargida, sai yau da ba ta nan bakina ya saki sunan. Ni ne Issahaku, mai wa'azin ƙaramar cocin Hausa ta Kaladan. Da ajami na rubuta wannan, Dijatu ce ta juya shi zuwa boko, ɗaya daga matan da Adisa ta koya wa karatu. Dalilin haka yana gaba, a yi mini haƙuri, tsoho ba ya gudu.

Adisa, ba zan tsaya lissafin alherinki ba, akwai waɗanda suka fi ni baki. Matan 'yan sanda da kika karɓi haihuwarsu sun zo jana'iza da 'ya'yan a goye. Bafulatanar nan mai nono ta bayan Gurugu, wadda kika yi mako biyu kina wanke mata gyambo, ta zo ta ajiye ƙwarya a ƙofarmu, ta zauna har la'asar. Yayanki Alhaji Sayibu na Tishigu, wanda ya shekara bakwai bai gaishe ki ba saboda kin bi Almasihu, shi ya fara ɗaukar magirbi a maƙabarta. Waɗannan duk Tamale ta sani. Abin da ba ta sani ba shi zan faɗa.

Cocinmu ta tsoffin sojoji ce da masu gadi da 'yan sanda, kowa da yarensa, Hausa ce ta tara mu. Ni tafinta ne ga Baturen mishan shekaru da yawa. Yana faɗa ina juyawa, kuma da yake da allo na tashi, abin da ya shiga kunnena sau biyu ya zauna. Ayoyi suka cika mini kai. A 1957, shekarar da aka sauke tutar Ingila a nan, Bature ya ce ƙasa ta samu kanta, coci ma ta samu kanta. Ya miƙa mini mabuɗi da Littafi Mai Tsarki na Hausa a gaban jama'a. Bai taɓa tambayata ko na iya boko ba, ni ma ban taɓa ba shi labari ba.

Ke kin iya. Kin koya a ajin mata, kina dama kokon sayarwa da hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Kin so ki koya mini, na ce ɗan malami da furfura ba zai zauna yana rera baƙaƙe kamar ɗan yaye ba. Kika ce, “To, Malam, kawo tawadarka.”

Haka muka soma. Kowace Asabar bayan azahar mu shimfiɗa tabarma biyu a gindin darbejiyar tsakar gida. Ki karanta, in rubuta da ajami a 'yar takarda, in soke ta cikin littafin. In kin gama aya sai ki ce, “Ni dai a ganina…” Wannan ganin naki shi ne wa'azin Lahadi. In tsaya a gaba in zuba shi da babbar murya, ke kina ɓangaren mata kina gyaɗa kai kamar yau kika fara ji. A hanyar gida mutane su ce, “Malam, yau ka taɓa mu.” In ce aikin Ubangiji ne. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi ta hannun wa ya yi aikin ba.

Sau ɗaya asiri ya kusa tonuwa. Hannu ya saba da abin da ya saba, sai na buɗe littafin ta bayansa, yadda muke buɗe littattafan zaure, ina juya shafi daga hagu zuwa dama. Maƙwabcinmu Zubeiru tela, Musulmi ne, yana tsaye bakin tagar coci yana jiran wani da ya ba shi ɗinki. Da yamma ya leƙo gida ya ce, “Malam Issahaku, ashe littafin naku ma ta wajenmu yake farawa? To me ya raba mu?” Kika cika masa kwano da koko, kika ce ya sha ya huta da magana. Kafin ya fita kika ari allura da jan zare a wurinsa, kika ɗinka ɗan ƙulli a bangon gaba. Kika ce, “Inda ka ji ƙulli, nan ne ƙofa.” Zubeiru ya riƙe bakinsa shekara uku, Allah ya saka masa.

Abu ɗaya kika taɓa roƙona. Ana saura kwana biyu Ista ta 1958, idin tashin Almasihu, kika ce in bar ki ki tashi ki karanta wa jama'a labarin matan da suka je kabarinsa da sassafe, su ne aka fara aika da albishir. Na gyara zama, na kawo miki maganar Manzo Bulus cewa mata su yi shiru a cikin taro. Kika dube ni, ba fushi, kika ce, “Malam, ni na karanta maka ita. Da na so, da na tsallake.”

Ba ki sake roƙo ba. Sai dai Asabar uku a jere kika karanta mini labarin Biriskilla da mijinta Akila, yadda su biyu suka ja wani babban mai wa'azi gefe suka ƙara masa sani. Na rubuta, na yi kamar ban gane ba. Tsoro nake ji. Dattawan coci, musamman Saje Sumaila wanda ya yi yaƙin Bama, sun ɗauki tsari da muhimmanci. In aka ji mai wa'azi bai iya karanta littafin da ke hannunsa ba, mabuɗi ya tafi, girma ya bi shi. Na zaɓi mabuɗi. Kin sani, kuma washegari kika wanke mini rigar wa'azi kika goge ta kamar kullum.

Mun binne ki Talata da yamma. Lahadin da ta biyo Ista ce. Asabar na shimfiɗa tabarma biyu kafin in tuna. Zan iya yin wa'azin da ka, labarin yana kaina tsaf. Na tsaya gaban jama'a, yatsana ya sami ƙullin, na buɗe. Ba takarda a ciki. Baƙaƙen suna kallona ina kallonsu, kamar baƙi biyu a tashar mota.

Sai na rufe littafin na faɗa musu duka, tun daga tabarma har jan zare. Saje Sumaila ya miƙe da sandarsa ya ce, “Malam, kana nufin shekara uku mace ke yi mana wa'azi?”

Na ce, “Ita ce, Saje.”

“Har wa'azin da ya sa na mayar da matata ɗakinta?”

“Wannan ma ban ƙara ko gishiri ba.”

Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna. Na kira Dijatu. Ta taso, ta karanta labarin matan nan da kabarin da ba kowa. Ta yi tuntuɓe sau biyu. Ke da ba ki yi ba.

Dattawa sun zauna a kaina ranar Laraba. Sun karɓi mabuɗi, sun ce in koma bencin baya wata shida saboda ɓoyon da na yi, kuma sun yi daidai. Game da mata, har yanzu ana ja. Abin da aka tsayar shi ne Dijatu ta riƙa karanta aya, amma daga ƙasa, kada ta hau dakalin wa'azi. Saje ne da kansa ya kawo mata kujerar ɗora littafi. Ni ban isa in raba gardamar malaman Littafi ba. Abin da na sani, Allah ya ce bai kyautu mutum ya zauna shi kaɗai ba, ya yi masa mataimaki. Ni na ɗauka mataimaki mai riƙe jaka ne. Ashe wanda in ya sake ka, ka faɗi ne.

Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanmu Fatawu da ƙannensa, ga Alhaji Sayibu da dukan dangi na Tishigu, ga matan ajin karatu, da ikilisiyar Kaladan. Ubangiji ya ta'azantar da mu. Allah ya yi miki jinƙai, Adisa, ya ba ki hutawa a wurin Almasihun da kika yi wa hidima ba da sunanki ba. Ya gafarta mini abin da na hana ki, ya tashe mu tare a ranar ƙarshe. Amin.

Na shiga ajin boko, Uwargida. Ni kaɗai ne namiji, ina zaune a bayan mata. Jiya na haɗa sunanki da kaina, baƙi biyar, daga hagu na fara.